Ledar Bayan Ƙofa

Mu huɗu ne a ɗakin wankin otal ɗin, can ƙasa, inda ƙafar baƙo ba ta taɓa takawa ba. Sama akwai sanyi da ƙamshin turare. Mu kuwa zafi ne rabonmu, da tururi, da rugugin injinan da ke juya zannuwan gado tun safe har la'asar. Tagarmu ɗaya ce, 'yar ƙarama, daidai da ƙasan titi, ƙafafun masu wucewa kawai muke gani ta cikinta. Fanka ma ɗaya ce, ta tsufa har tana girgiza kai idan tana juyawa.

Yaya Babba ce shugabarmu. Ta riga mu zuwa wurin, ta riga mu yin furfura, kuma bahaguwa ce, komai da hagu take yi. Sai Rediyo, wadda bakinta ba ya hutawa. In ba labari ba to waƙa, in ba waƙa ba to tsokana. Hannunta na da sauri a guga, amma ba ta iya ƙulli ba. Buhun tawul in ta cika shi, sai ta murɗe bakin ta cusa a ƙasa ta yi gaba, Yaya ta bi baya tana mita tana ƙullewa. Sai Auta, ƙaramarmu, ko da yake ita ma tana da jika. Ni kuma Barkono suke ce mini, ban kuwa taɓa musantawa ba, don ba na iya ganin abu in haɗiye shi.

Yaya ce ta ƙirƙiro mana bikin tsallakewa. Duk wadda al'adarta ta ɗauke, aka shekara ba ta dawo ba, sai mu haɗa mata liyafa a lokacin hutun rana. A sayo kek da lemo, a zaunar da ita a kujerar gaban fanka, ta zame ɗankwali mu duba furfurarta muna shewa. Daga ranar kujerar tata ce duk lokacin da zafin nan na shekaru ya taso mata.

“A waje ɓoye abin ake yi kamar kayan sata,” in ji Yaya. “Mu nan ci za mu yi, mu sha. Mace ta yi shekara da shekaru tana wahala, ranar da aka sallame ta kuma sai ta yi kuka? A kan me?”

Akwai kuma leda. Shuɗiya ce, a rataye jikin ƙusa a bayan ƙofar banɗakinmu, cike da audugar mata. Tun muna da yawa a wurin, kafin sababbin injina su zo a rage ma'aikata, take nan. Wadda abin ya zo wa ba shiri ta ɗiba, wadda ta samu hali ta ƙara. Dokarta ɗaya ce, Yaya ce kuma ta kafa ta: ba a tambayar wadda ta ɗiba.

Ranar bikin Auta, ita ce ta ƙarshenmu. Muka shirya cewa bayan an yanka kek za a sauke ledar gaba ɗaya a kai wa 'yan matan da ke gyaran ɗakuna a sama, tunda mu dai mun gama da ita. Auta na kan kujera tana dariya har da hawaye, Rediyo na neman farin gashi a kanta tana cewa wannan ai furfurar aro ce, ba ta nuna ba. Aka aike ni in ɗauko ledar.

Da na ɗaga ta, sai na ji ta sakayau. Ni da hannuna na cika ta a bara, lokacin da Auta ba ta tabbatar ko abin ya tafi ba. Na kwance bakin na leƙa. Saura kaɗan a ƙasa.

Na fito da ita a hannu. “Auta, ke ce kika cinye mana kaya, kika zo kuma kina cin kek?”

“Wallahi Yaya Barkono, rabona da ledar nan tun kafin a haifi jikana.”

Sai Rediyo ta buga cinya ta fashe da dariya. “To fa! Wata ta koma yarinya a cikinmu! Ku fito ku faɗa mana, mu fara tara kayan jarirai. Barkono, ko ke ce? Na ga kwanan nan kina wani sheƙi.”

Kowa ya yi dariya, har da ni, don Rediyo in ta fara, gawa ce kawai ba za ta dara ba. Yaya ta ce ƙila 'yan matan sama ne ke saukowa. Ta karɓi ledar daga hannuna ta ƙulle bakin tsaf.

“Mayar da ita inda take,” ta ce. “Ƙusar nan ta saba da ita. A kai musu wani lokaci.”

Na mayar. Amma kek ɗin nan bai wuce mini ba. 'Yan matan sama ba sa saukowa. Kayan wanki ta rami ake jefo mana su, ƙofarmu kuwa mu huɗu ne kaɗai ke da makullinta.

Ina budurwa na yi jinyar gwaggona. Ita ma ta daɗe da tsallakewa, sai abin ya dawo mata kaɗan-kaɗan, matan gida suna ta yi mata ba'a cewa ƙuruciya ce ta waiwayo. Ni nake wanke mata zannuwa. Har yau in na tuna, warin nake fara ji kafin in ga fuskarta. Ba ta kai wata shekarar ba.

Washegari na sayo auduga na cika ledar, na yi mata irin ƙullina, mai kunne biyu. Ban gaya wa kowa ba. Na shiga sa ido.

Wanda ya daɗe yana ninke zanin gado da mutum ya san hannunsa. Mutum biyu ke riƙe zani, kowa da gefensa, a ja, a karkaɗe, a tako a haɗu a tsakiya. Ni da Yaya muke yi tun zuwana. Da can in ta ja, sai na dage ƙafa kada ta fizge ni. Yanzu ni ke janta. Siket ɗin aikinta ya soma juyawa a ƙugunta, ta sa masa fil. Da, kayan aikinmu tare muke zubawa a wankin ƙarshe na ranar, yanzu nata sai ta naɗe ta sa a jaka, wai a gida ta fi son wankewa. In za ta zauna sai ta shimfiɗa tsohon tawul mai duhu. In ta fito daga banɗaki, warin bilic, ruwan nan na cire tabo, ya biyo ta har ya shaƙe mutum.

Duk na gani, amma zuciyata ta ƙi yarda. Na ce ƙila idona ne ke ƙara gishiri. Sai ranar da na rufe ƙofar banɗaki na juya, na ga ƙullina babu. An yi wani a madadinsa, matsattse, bakinsa ya kwanta ta hagu. Na daɗe tsaye a wurin, ina jin injina na rugugi ta jikin bango.

Da na fito, ita ce ta miƙo mini gefen zani. Muka ja, muka karkaɗe. Da muka tako muka haɗu a tsakiya, maimakon in ba ta gefena sai na riƙe hannunta.

“Yaya, tun yaushe?”

Ba ta yi kamar ba ta gane ba, wannan kam na ba ta. Ta dubi inda su Rediyo suke guga, ta rage murya.

“Doka ta ce ba a tambaya.”

“Ke kika kafa, ni zan karya. Tun yaushe?”

“Sake ni, Barkono. Abin shekaru ne, yana zuwa yana tafiya. Ba ni kaɗai ba ce.”

Na ɗauka matan duniya take nufi. Na ce mata matan duniya ba su dame ni ba, ita ce a gabana. Na ba ta labarin gwaggona, ban rage komai ba, har da warin. Ta saurara fuskarta a ɗaure. Sai ta shiga jero mini dalilai: 'yarta na da tsohon ciki, wa zai zauna da ita? Manaja kuma dama neman hanya yake ya ce ta tsufa ta je ta huta, in ya ji kalmar asibiti ai ta ba shi wuƙa da nama.

“Waɗannan duk na ji,” na ce. “Faɗa mini na gaskiyar.”

Idonta ya kawo ruwa. Tunda nake da ita ban taɓa gani ba.

“Ni na yi muku biki ɗaya bayan ɗaya, na ce an sallame mu. Da wane baki zan ce nawa ya dawo? Kuma yanzu ba shi da suna. In na je, suna za su ba shi.” Ta matse hannuna. “Ki rufa mini asiri, don Allah. Ko zuwa 'yar nan ta sauka.”

Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, kuma haushin ne ya yi rinjaye. Na saki zanin ya faɗi ƙasa, abin da ba a yi a wurinmu. Na bi injinan ɗaya bayan ɗaya na kashe. Ban taɓa jin ɗakin nan shiru da rana ba. Sai ƙarar fanka kawai, da takun mutane ta taga.

“Yaya na zubar da jini,” na ce. “Ta daɗe tana ɓoyewa. Gobe asibiti za ta, ko da ɗaukarta za mu yi.”

Auta ta dafe ƙirji tana salati. Rediyo ta ajiye dutsen guga a hankali. Na zaci ita ce za ta fara goya mini baya, sai ga shi ta taso mini.

“Haba Barkono! Ke komai sai kin mai da shi tashin hankali? Ba kowane jini ne ciwo ba. Ƙila gajiya ce, ƙila zafin ɗakin nan ne. Mace tana zamanta lafiya, ki kai ta a tsorata ta, a yanka ta a banza?”

“In gajiya ce likita ya faɗa mana, mu dawo mu sayi kek.”

“Likitoci ai ba sa rasa abin faɗi. Ka je da ƙafarka, su dawo da kai a kwance.”

Muka yi ta yi, har muryata ta dushe. Yaya na zaune a kan tawul ɗinta tana kallon Rediyo, Rediyo kuwa ta ƙi kallonta. Auta ce ta raba mu. Ta durƙusa gaban Yaya ta riƙe gwiwoyinta.

“Yaya, ranar da mijina ya rasu, ke kika yi mini wanka, don na kasa ɗaga hannu. Ban ji kunyarki ba. Yau kuma sai ki ji tawa?”

Yaya ta rufe fuska da gefen ɗankwali. Can ta ce, “To.”

Rediyo ta ce ita za ta tsaya ta kula da injina, ai dole wata ta tsaya, kada Manaja ya sauko ya tarar da wurin wayam. Magana ce mai ma'ana, ba wadda ta ja.

A asibiti, layi ɗaya aka sa mu da masu ciki. Yaya na zaune a tsakiyarsu da furfurarta, jakarta a kan cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Wata yarinya mai fara'a ta juyo ta ce, “Mama, 'yarki kika rako?” Yaya ta yi murmushi ta ce e. Na bar ta da wannan ƙaryar, ba ta cutar da kowa.

Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ar 'yar Yaya ba. Ta yi tambayoyinta tana rubutu. Da ta zo kan tun yaushe, Yaya ta faɗa, sai biron ya tsaya. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Aka yi hoto, aka ɗebi abin da za a ɗiba, aka ce mu dawo. Da muka dawo, ta jawo kujerarta kusa da Yaya kafin ta yi magana, tun daga nan na san labarin ba mai daɗi ba ne. Ta ce ciwon daji ne a mahaifa, sai an yi aiki an cire.

“Za ta tashi?” na tambaya, don na san Yaya ba za ta tambaya ba.

“Da a watannin farko kuka zo, da na ce muku e ba tare da shakka ba. Wannan ciwon in an kama shi da wuri yana jin magani. Yanzu dai za mu yi iya ƙoƙarinmu. Amma kada a ƙara ko mako guda.”

Ranar da za a kwantar da ita, na shiga banɗakinmu na ɗebo mata auduga daga ledar, na ƙulle sauran da ƙullina na mayar. Daga nan na manta da ita, don aiki ya sha kanmu. Mu uku muka ɗauki aikin mutum huɗu. Manaja ya sauko sau ɗaya yana tambayar ina shugabarmu, Rediyo ta cika shi da surutu da dariya har ya koma sama bai san me ya zo tambaya ba. Duk yamma in an tashi, ni da Auta mu biya asibiti. Rediyo kan ba mu saƙo, lemo ko sabulu, ta ce a gaishe ta, ita warin asibiti na tayar mata da zuciya.

An yi aikin. Yaya ta farfaɗo, ta rame har zoben hannunta na zamewa, amma bakinta na nan. 'Yarta ta sauka, aka kawo mata jaririn har gado ta riƙe shi da hagunta. Likita ta ce saura magani mai tsawo, ba ta yi alkawarin komai ba. Wata yamma, Auta ta fita ɗebo ruwa, Yaya ta kamo bakin mayafina.

“Rediyo ba ta zo ba har yau.”

“Kin san ta da tsoron allura.”

“Na san ta,” ta ce. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta juya kai ta kalli bango. “Ku kai wa yaran nan na sama ledar. Ta isa haka.”

Washegari da hantsi na shiga banɗaki don in sauke ta. Na tura ƙofa, na kai hannu, sai hannun ya tsaya a sama. Ba ƙullina ba ne, ba kuma na Yaya ba. Babu ƙulli ma sam. An murɗe bakin ledar an cusa shi ta ƙasa, ya soma warwarewa da kansa.

Shekara da shekaru Yaya na bin bayan mutum ɗaya tana ƙulle abin da ta murɗe. Buhun tawul, ledar shara, komai. Ashe har da wannan. Ni kuwa kullum ƙullin ƙarshe nake gani.

Na fito da ledar a hannu. Rediyo na guga, ta ba ni baya, tana rera wata waƙar da ta ƙirƙira a kan tumbin Manaja, Auta na dariya. Auta ce ta fara ganin fuskata, dariyar ta tsaya. Rediyo ta waiwayo. Ta kalli ledar, ta kalle ni, waƙar ta mutu a bakinta.

Na je na kashe injinan. Wannan karon ban ɗaga murya ba.

“Tun yaushe?”

Ta yi ƙoƙarin yin dariya. “Barkono ke nan. Yanzu kuma ni kika...” Maganar ta ƙi ƙarasawa. Ta laluba bayanta ta zauna a kujerar gaban fanka. Sai a lokacin na lura da tawul mai duhu da ke shimfiɗe a kai.

“Ranar da na fara ganin ƙullin Yaya a kan ledar, daɗi na ji,” ta ce. “Na ce ashe mu biyu ne. In har Yaya ma na yi, kuma ga ta tana aikinta, to ba wani abu ba ne. Ita ma na san abin da ta ce wa kanta ke nan da ta ga nawa. Ba mu taɓa yin maganar ba. Doka ce ai.”

“Ban tambaye ki doka ba. Tun yaushe?”

Ta ɗago ido. Duk tsawon zamanmu ban taɓa ganin fuskar nan ba wasa a cikinta ba.

“Na riga ta,” ta ce. “Da nisa.”

Wayar bango ta soma ƙara. Daga sama ne, sun ji injina sun yi shiru. Ba wadda ta kalli wayar. Auta ta kwance rigar aikinta ta rataye, ta ɗauko takalman Rediyo ta durƙusa ta sa mata, ta yafa mata mayafi. Ni na zare filogin dutsen guga, na ɗauki jakarta na haɗa da tawa.

Rediyo ta miƙe, ta dubi matakalar da ke hawa zuwa titi, wadda take hawa kullum tana surutu.

“Ku riƙe ni,” ta ce. “Ƙafafuna ba za su hau ba.”

Na kama ta ta dama, Auta ta kama ta ta hagu. Wayar na ta ƙara a bayanmu har muka kai ƙofa.